Me Ya Sa Aljanunmu Duk 'Yan Misra Ne?

A nan yankinmu na Dawakin Tofa, in ka ga yaro ɗan shekara goma sha uku ya yi tsit a bayan rumbu, ba ya jin kira, ba ya jin yunwa, to da wuya in Lissafi yake bita. Galibi wani ɗan siririn littafi ne a hannunsa, ko wayar yayansa manne da kunne, wani sadauki na can yana sara da suka a tsakiyar rundunar aljanu. Littattafan yaƙi ake ce musu. Iyaye da yawa ba sa ƙaunarsu, malamin makaranta kuwa in ya kama sai ƙwacewa. Ni ina bayan yaron. Ƙorafina yana kan masu rubuta masa.

Wanda bai taɓa riƙe irin littafin nan ba, ga kamanninsa. Takardarsa irin ta jarida ce, a bangon an zana wani ƙato mai murɗaɗɗen jiki riƙe da takobi, a bayansa maciji mai kai bakwai ko wata gimbiya a ɗaure. Daidai inda aka zare makamai za a gwabza, nan marubucin zai ajiye alƙalami ya ce a haɗu a littafi na biyu. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa kaf, daga hannu zuwa hannu, har bangon ya fita a ɗinke shi da zare da allura. A wannan fage sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini, mai Kundin Tsatsuba, ya fi na kowa yawo a bakin samari. Akwai kuma Aliyu Abubakar Sharfaɗi da Malikussaifi, wanda tushensa tsohuwar hikayar Larabawa ce ta Saifu bin Zi Yazan na ƙasar Yaman. A cikin Adabin Kasuwar Kano suka tsiro, wanda ya bunƙasa tun shekarun 1980, sai dai manazarta da 'yan jarida sun tare a kan littattafan soyayya, suka bar waɗannan kamar ba a yi su ba.

Yanzu takarda ta yi tsada, shagunan hayar littafi sun ja baya, amma labaran ba su mutu ba, kunne suka koma. Ana karanta su a YouTube, mai cajin waya yana tura wa mutum a memori. Shiga kasuwar Dawanau da rana tsaka ka duba samarin da ke ɗinkin buhu ko jiran lodi, za ka samu mai abin ji a kunne, kai ka ɗauka waƙa ce, alhali wani boka ne ke duba madubin tsafinsa.

Uban da ke cewa wannan ɓata lokaci ne, ya tuna abin da aka koya masa a aji. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labari, daga cikinta aka samu littattafan da har gobe ake kira tushen ƙagaggen labarin Hausa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam neman ruwan magani ne da ya kai mai nema har wurin aljanu. Ganɗoki na yayansa Bello Kagara ya fara da yaƙi da Turawa, ya zarce ƙasashen al'ajabi. Magana Jari Ce, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, inda yaro ya yi yawon sararin samaniya. Da irin waɗannan aka yi wa iyayenmu jarrabawa, aka ba su takardar shaida. Ban ga dalilin da aljanin Imam zai zama ilimi, na Madakin Gini ya zama shiririta ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, a ƙauyukanmu me yaro ke karantawa da kansa, ba don tsoron bulala ba? Garin nan yana alfahari da makarantar kimiyya da aka buɗe a 1977, ita da ta Dawakin Kudu, kuma ya cancanci alfaharin, don likitoci da injiniyoyi da yawa sun fito daga cikinta. Amma kafin yaro ya kai can sai ya iya zama da rubutu awa guda bai tashi ba. Wanda ya bi labari ɗaya littafi huɗu, ya riƙe sunayen sarakuna goma da 'ya'yansu, ya tuna wane ne ya sace takobin tun a littafi na ɗaya, ya riga ya sami wannan juriyar. Babu malamin da ya ba shi ita. Shi ya nema, da kuɗin tallansa ko na ƙodagon da ya yi a gonar wani.

Maganar aƙida ita ce mafi nauyi a wurin iyaye, kuma ban raina ta ba. Sai dai duk wanda ya karanta littattafan nan ya san yadda akasarinsu ke ƙarewa: tsafin boka ya karye, gumaka su rushe, ma'abocin addinin Musulunci ya yi nasara da addu'a. In ma akwai laifi a nan, to na yawan maimaici ne, don tun daga shafi na goma ka san inda za a kwana.

Ƙorafin nawa kuwa, wata tsohuwa ce ta riga ni faɗarsa. Akwai ɗan ƙanwata da ke karanta wa kakarsa irin labaran nan bayan sallar isha'i, ita ba ta yi boko ba, amma a zamaninta ta yi suna wajen tatsuniya. Tana ɓarar gyaɗa a faifai, shi yana haska shafi da tocilan. Ya kai inda jarumi ya yi kwana uku yana artabu da wani ifiritu, ƙasa na girgiza, duwatsu na farfashewa, sai ta ɗaga kai.

"Kai maigidan, wannan jarumin naka ba shi da kai ne? Kwana uku yana sara abu ɗaya?"

"Iya, ai aljanin ba ya jin makami."

"To da ya san ba ya ji, me ya hana shi dabara? Da Gizo ne, da tuni ya sa shi ya shiga gora da ƙafarsa. Kuma wai ina ne garin nasu?"

"Birnin Misra ne, Iya."

"Jiya Hindu, yau Misra. Mu nan ba mu da dodanni ne?"

Yaron ya yi dariya ya ci gaba, amma duka biyun ta faɗi daidai. Jaruman littattafan yaƙi ƙarfi gare su, ba wayo. In abokin gaba ya fi ƙarfi, sai a nemo takobin da ta fi tasa, in ita ma ta gaza, sai a yi tafiyar kwana arba'in a ɗauko wata. Babu raha, babu mai zolayar wani. Alhali tatsuniyar Hausa a kan dabarar mara ƙarfi aka gina ta. Gizo ba ya iya ɗaga giwa, amma yana iya haɗa ta jan igiya da dorina, kowacce na zaton da shi take ja. Marainiyar da kishiyar uwa ta aika kogi mai nisa da ladabi take tsira, ba da mashi ba. A Ruwan Bagaja ma, abin da mutane suka fi tunawa ba aljanun ba ne, sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna ne. Yaron ƙauye, wanda kowa ya fi shi ƙarfi, daga uba har ɗan ajin gaba, ya fi buƙatar irin wannan jarumi a kan ƙaton da ke sare mutum dubu da sara ɗaya.

Batun gari shi ya fi damuna. Kusan kowane labari a Misra yake, ko Hindu, ko Sin, ko Rum, ko wani birni mai sunan Larabci da ba a taɓa ji ba. Babu kuka, babu gawo, babu hunturu, babu wanda ke shan fura. Za a ce ai Imam ma aro ya yi, daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa. Haka ne. Amma da ya aro sai ya sa musu babbar riga, ya zaunar da su a fada mai waziri da dogarai, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Na yanzu kuwa Hausar ce kawai tamu, ƙasar ta wasu ce.

Ina ganin na san dalili, kuma ba lalaci kaɗai ba ne. Boka in yana Misra, ba ruwan kowa da shi. In ka kawo shi gindin Dala, ka ambaci iskoki da sunayensu, to ka taɓo bori, kuma ka taɓo abin da mutane ke tsoro da gaske. Marubutan Kano ba su manta da 2007 ba, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, daga baya kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta matsa wa marubuta lamba. Littattafan soyayya aka fi nufi, amma kowa ya ɗauki darasi. Tura aljani ƙasar waje hanya ce ta zama lafiya.

Na fahimta, amma ban gamsu ba. Tarihin Kano da kansa, wanda malamai suka rubuta suka adana, cike yake da abin da marubuci zai yi shekaru yana ɗiba: Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, zuwan Bagauda, kurmin Jakara, yaƙin Sarki Yaji da mutanen Santolo bayan Wangarawa sun iso da Musulunci. Ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Sarauniya Amina da ganuwowinta. Wanda bai son taɓa tarihi, ga Dodo da Ɓotorami da Ƙoƙi, waɗanda ba su taɓa haɗa kowa faɗa da malamai ba. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi juzu'i uku tun tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Kayan aiki na nan a jibge. Maƙwabtanmu Yarabawa sun yi tun tuni: D. O. Fagunwa a 1938 ya tura maharbinsa cikin dajin ƙasarsu, da dodannin ƙasarsu, har yau ana karantawa. A wannan zamani ma Nnedi Okorafor ta kafa labarin matsafanta yara, Akata Witch, a kudancin Nijeriya, yaran Amurka na saye.

Abin da nake so in gani shi ne littafi mai kashi huɗu, mai yanke labari a inda ya fi daɗi kamar yadda aka saba, amma jarumarsa yarinya ce mai kai abinci gona a tsakanin Tumfafi da Kwa, abin tsoron kuma yana cikin tsohuwar kukar da ba a bi ta gindinta da tsakar rana. Ta yi nasara da wayo, a yi dariya a hanya, kuma a rubuta shi da ƙa'ida, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, don wannan ma wani ciwo ne na littattafan kasuwa.

Marubuci yana bin inda ake saye da inda ake yabo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da mata marubuta da dama, akasari a kan matsalolin zamantakewa. Labarin al'ajabi na yara shi ma yana son tasa gasar, da sharaɗi ɗaya, a kafa shi a ƙasar Hausa. Ba sai an jira gwamnati ba. Kuɗin kyautar da na buga littattafan da suka ci, gaba ɗaya, ba za su kai kuɗin tirela ɗaya ta riɗi da ke fita daga Dawanau ba.