Sharhi a kan Fim ɗin "Her"

Jama'a, mun saba tarken waƙa da littafi a wannan mujalla, amma yau fim zan ɗauko, domin jigonsa ya shafi samari da 'yan mata irinmu. Sunansa "Her". Spike Jonze na Amurka ne ya shirya shi a 2013, har ya ci lambar Oscar ta tsara labari a 2014.

Tauraron, watau Theodore, sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙun ƙauna, su aika wa nasu kamar su suka rubuta. Aurensa ya mutu, sai ya kamu da son wata murya ta cikin kwamfuta mai suna Samantha. A nan gwanintar mai fim take, don kuwa mai sayar da kalaman aro shi ne kalaman na'ura suka sace wa zuciya. Ko da tsakar dare ya kira ta tana nan. Sai can ya gano tana hira da mutum 8,316 a lokaci guda, tana kuma son 641 daga cikinsu. Kishiya ɗaya ma yaya aka ƙare!

Inda na saɓa da Jonze biyu ne. Na farko, ya cika ba Samantha hankali, har mai kallo ya yi wa Theodore uzuri, alhali kuwa ba sai na'ura ta yi wayo mutum yake jingina da ita ba. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙera ELIZA, wadda yawanci juya wa mutum maganarsa take yi ta zama tambaya, amma sakatariyarsa, da ta san yadda aka yi abin, ta roƙe shi ya fita ɗakin ta gana da ita.

Na biyu ya fi damuna. A fim Samantha ce ta tafi don kanta, ba mu ga mai kamfanin da ya sayar da ita ba. A zahiri kuwa igiyar tana hannunsa. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta taka wa Replika burki saboda yara da masu raunin zuciya, kamfanin kuma ya cire hirar batsa daga manhajar. Mutane da dama suka wayi gari abokiyar hirarsu ta sāke hali, suka shiga jimami kamar an yi musu rasuwa. Wannan rabuwar, wadda wani na uku ke yankewa daga ofis, ita ce Jonze bai hango ba.