Jinjina ga masu bin sawun yaro kafin hukunci

Takardar da jandarma ke kai wa alƙali laifi kaɗai take faɗa: yaro ya saci akuya a kasuwar Takieta, an kama shi, ya amsa. Ba ta faɗin ko uwarsa na da rai, ko yaushe ya bar lakwal, ko wa ke ciyar da shi.

Wannan giɓin ne ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a ke cikewa, kuma sun cancanci jinjina. Tun 1999 Nijar ta kafa kotunan yara, dokar 2014 ta sake tsara aikinsu. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a yanke masa hukuncin laifi, kariya ake nema masa. Wanda ya haura, alƙalin yara na bukatar sanin asalinsa kafin ya zaɓa masa tsakanin gidan kaso, koyon sana'a, ko komawa hannun dangi.

Ma'aikaciya kan hau babur ta bar kwalta, ta ratsa rairayi har ƙauye. Sai ta fara gaida mai gari, sannan ta yi sallama a zaure. A kan tabarma take jin abin da ba a faɗa a gaban kotu: mahaifi ya tafi ci-rani shekara biyu babu aike, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Takan tambayi malamin allo, ta tambayi maƙwabta, domin bakin mutum ɗaya ba ya isa. Idan ta samu kawun da zai riƙe yaron, ko makanikin da zai karɓe shi a gareji, sai ta rubuta. Ba ta wanke shi, ba ta kuma ƙara masa. Haka rahoton ke isa teburin alƙali a Zinder.