Jinjina ga Matan da Ke Yaye 'Yan Aladu a Kudancin Kaduna

Kafin alade ya isa kasuwar Katsit a Kafanchan, sai ya tsallake makon yaye, kuma a gidaje da yawa mata ne ke tsallakar da shi.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ranar da aka raba ɗan alade da nono, tumbinsa bai gama iya narkar da dusa ba. Damuwa ta sa ya ƙi ci, bangon hanjinsa ya raunana, ƙwayar E. coli ta samu ƙofa, zawo ya biyo baya. Cikin kwana kaɗan sai ya rame ko ya mutu.

Gwanayen matan nan ba sa jiran hakan. Tun yana shan nono suke ɗanɗana masa dusar masara mai laushi, kaɗan-kaɗan, har ciki ya saba. Ruwa mai tsabta ba ya yankewa, ga busasshiyar shimfiɗa saboda sanyin hunturu. Da asuba kashinsa suke fara dubawa, kuma a ganina nan gwanintar take, domin kashi ke fara nuna halin da hanji yake ciki.

Da wannan kulawa ake biyan kuɗin makarantar yara. Sannunku da aiki, iyayenmu mata.