Alƙali Dee da Gwanintar Tono Gaskiya a Zamanin Da

Duk marubucin da ya ɗauri aniyar rubuta labarin binciken kisan kai da ya auku shekaru dubu da suka wuce, ya san ya ɗora wa kansa kaya mai nauyi. Babu gwajin jini a wancan zamani, babu kyamara a bakin titi, babu wayar da za a bi sawunta. Mai bincike ba shi da komai sai idonsa da kunnensa da sanin halin mutane, sai kuma dokar zamaninsa da ta gindaya masa iyaka. Cikin waɗanda suka ɗauki wannan kaya suka kai shi gida lafiya akwai Robert van Gulik, mutumin Holan da ya rubuta jerin labaran Alƙali Dee. Ya rasu tun 1967, amma har yau masu karatu ba su daina muhawara a kan littattafansa ba, kuma muhawarar ce ke ƙara fito da gwanintarsa fili.

Alƙali Dee ba ƙagaggen mutum ba ne. Sunansa na asali Di Renjie, ya rayu daga shekarar 630 zuwa 700 a zamanin daular Tang ta ƙasar Sin. Ya fara aiki a ƙananan muƙamai, ya yi ta hawa har ya zama waziri a fadar Wu Zetian, macen da ita kaɗai ta taɓa hawa gadon sarautar Sin da sunan kanta. Littattafan tarihin daular sun ce lokacin da yake babbar kotu ya warware shari'un da suka shafi mutum 17,000 cikin shekara guda, ba wanda ya koka cewa an zalunce shi. Bayan fiye da shekaru dubu, wani marubuci da ba a san sunansa ba ya mai da shi gwarzon wani labarin bincike mai suna Dee Goong An. Wannan littafi ne ya faɗo hannun van Gulik a Tokyo, ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a 1949.

Shi kuwa van Gulik an haife shi a 1910 a garin Zutphen, ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Java, ya shiga aikin jakadanci a 1935. Ya zauna a Japan da Sin, ya auri Basiniya a birnin Chongqing a 1943. Ya iya rubutun Sinanci da buroshi, ya iya kaɗa tsohuwar garayar malaman Sin mai tsirkiya bakwai har ya rubuta littafi a kanta. Saboda haka da ya zauna ƙaga nasa labaran, ba leƙe yake yi ta taga ba. A cikin gidan yake zaune. Ya rubuta cikakkun littattafai 14 a kan Alƙali Dee, ban da gajerun labarai, kuma shi ya zana hotunan ciki da hannunsa.

Gwanintarsa ta farko ita ce sanin abin da zai riƙe daga tsohon salo da abin da zai sauke. Tsofaffin labaran shari'a na Sin sukan bayyana mai laifi tun farkon littafi, domin abin da mai karatu ke jira shi ne ya ga yadda alƙali zai kama shi. Sukan kuma bar fatalwa ta zo ta ba da shaida, ko a kai ƙara lahira a dawo da hukunci. Van Gulik ya ɓoye mai laifi sai ƙarshe, ya rage fatalwa ta koma ɗan abin da ke sa tsikar jiki tashi, ya hana ta warware shari'a. Amma ya riƙe abu ɗaya da ya bambanta jerin da sauran labaran bincike: a yawancin littattafan, alƙali yana fama da shari'u uku a lokaci guda. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Mai mulkin gunduma a tsohuwar Sin shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne shugaban 'yan doka, shi ne mai tara haraji. Mutumin da ke riƙe da wannan duka ba zai sami sararin rufe ƙofa ya zauna da gawa guda har wata ɗaya ba. Yana cikin tambayar shaidu a kan kisan jiya, za a buga gangar ƙofar kotu a shigo da sabuwar ƙara.

Saƙa shari'u uku ba tare da zare ya sarƙe ba, aiki ne irin na masaƙin da ya san inda kowane launi zai ɓuya da inda zai sake fitowa. Van Gulik yakan sa wata magana da shaida ya yi a shari'a ta farko ta zama mabuɗin ta uku, ko wanda aka ɗauka ɗan kallo ne a wannan ya zamo shi ne ginshiƙin waccan. Don kada mai karatu ya ɓata, yakan jera sunayen mutanen littafi a farko, kowa a ƙarƙashin shari'arsa, sau da yawa kuma ya zana taswirar garin da kotu da haikali da kasuwa da ƙofofin ganuwa.

Gwaninta ta biyu ita ce yadda ake samo hujja daga abin da ido ke iya gani. Akwai misali a littafin da ya fassara, wanda daga gare shi ya koyi sana'ar. Amarya ta sha shayi a daren aurenta ta mutu. Zargi ya faɗa kan wani saurayi daga cikin baƙi, saboda wasu kalamai da ya furta lokacin da ake tsokanar ango da amarya. Alƙali Dee bai gamsu ba. Ya je gidan, ya sa baiwar da ta dafa ruwan ta sake hura wuta a daidai wurin da ta hura a ranar, ya zauna yana kallo. Tururi ya tashi ya bugi tsohon rufi, sai ga maciji ya leƙo daga cikin itacen rufin, dafi na ɗiga daga bakinsa a saitin tukunya. Masu ilimin likitanci na yau za su ce dafin maciji ba kasafai yake kashe wanda ya haɗiye shi ba, kuma gaskiyarsu. Amma dabarar alƙalin ba ta da aibu: ya mai da komai yadda yake a ranar, ya bar wurin ya ba da shaida da kansa. Sinawa sun daɗe da irin wannan tunani. A 1247 wani jami'i mai suna Song Ci ya rubuta littafin duba gawa, inda ya kawo labarin mai binciken da ya sa mutanen ƙauye suka jera laujunansu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya da aka wanke amma ƙarnin jini bai bar shi ba. Van Gulik da kansa ya fassara wani kundin tsofaffin shari'u na ƙarni na 13, aka buga a 1956, kuma a ƙarshen littattafansa yakan gaya wa mai karatu daga ina ya ɗebo kowace dabara.

Gwaninta ta uku, wadda a ganina ta fi sauran, ita ce yadda ya mai da dokar zamanin ta zama abin da ke hana mai karatu ajiye littafi. A tsohuwar dokar Sin ba a yanke wa mutum hukunci sai ya amsa laifinsa da bakinsa. An yarda a yi masa bulala ko a matsa shi da azaba, amma idan alƙali ya azabtar da marar laifi har ya mutu, shi da ma'aikatansa za su ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya kai ƙarar ƙarya kuma, hukuncin laifin da ya ɗora wa wani shi ake yi masa. Tone kabari babban abu ne a al'ummar da ke girmama magabata. A littafin The Chinese Nail Murders na 1961, Alƙali Dee ya tabbata a ransa cewa wata mata ce ta kashe mijinta. Ya sa aka tone gawar, aka duba, ba a ga komai ba. Gari ya ɗauki zafi, muƙaminsa da ransa suka shiga haɗari. Daga nan tambayar da ke cin mai karatu ta tashi daga wa ya yi kisan, ta koma ko alƙali zai tsira da gaskiyar da ya sani amma ya kasa nunawa. Marubucin bai ƙago wata barazana daga waje ba. Dokar ƙasar ce kawai ya bari ta yi aikinta.

Bai kuma bar alƙalin shi kaɗai ba. Akwai dattijo Hoong, baran gidansu da ya rene shi tun yana yaro, wanda yake zama da shi da dare suna shan shayi suna juya magana. Akwai Ma Joong da Chiao Tai, tsofaffin 'yan fashin hanya da suka tuba suka bi shi. Akwai Tao Gan, tsohon ɗan damfara da ya san sirrin caca da makullai da jabun takardu. Ta hannun waɗannan ne labari ke shiga inda mai rawani ba zai shiga ba: masaukin fatake, matattarar mabarata, jiragen ruwan kogi. Wani lokaci alƙalin da kansa yakan ɓad da kama ya fita a matsayin mai maganin gargajiya, domin mutane sun fi sakin baki a gaban mai magani.

Ra'ayin masu karatu ya rabu a wurare sanannu. Wasu ba sa jure wuraren da ake dukan wanda ake tuhuma a gaban kotu, ko bayanin yadda aka zartar da hukuncin kisa a ƙarshen wasu littattafan. Wasu suna ƙorafi kan matsayin mata, ganin alƙalin yana da mata uku, ga kuma zane-zanen tsiraici da marubucin ya sa a ciki. Masana tarihi sukan nuna cewa tufafi da al'adun da ke cikin labaran sun fi kama da na daular Ming, wadda ta zo ɗaruruwan shekaru bayan Tang. Wasu kuma yawan sunaye ne ke gajiyar da su.

Ƙorafin zane-zanen yana da tushe, domin labaran za su tsaya da ƙafarsu ko babu su, kuma ya kamata iyaye su san da su kafin su miƙa wa yaro littafin. Batun Ming kuwa van Gulik bai ɓoye shi ba. Ya faɗa da kansa cewa ya bi al'adar marubutan Sin ne, waɗanda sukan tufatar da mutanen da da kayan zamanin Ming. Amma a kan bulala da tsananin hukunci, ina tare da masu kare shi. Da ya ba mu alƙalin ƙarni na bakwai mai tunanin lauyan yau, da ya yi mana ƙarya, kuma da labarin ya rasa abin da ke riƙe da shi. Alƙali Dee mabiyin koyarwar Confucius ne, mai tsananin biyayya ga sarauta, mai zargin limaman addinin Buddha da na Tao, mai saurin fushi wani lokaci, kuma yakan bi hanyar da ba ta ɓulle ba kafin ya dawo. Adalcinsa na cikin iyakar zamaninsa ne. Shi ya sa idan ya tausaya wa talaka, ko ya ƙi sunkuya wa mai kuɗi da ɗaurin gindi a fada, abin yake da nauyi, domin mun ga abin da zai iya rasawa.

Shaida mafi girma ita ce ta Sinawa da kansu. An fassara littattafan zuwa Sinanci, suka karɓu, kuma sun taimaka wajen dawo da sunan Di Renjie bakin jama'a a matsayin mai bincike, har aka yi ta shirya wasannin talabijin da finafinai a kansa, ciki har da fim ɗin Tsui Hark na 2010 wanda Andy Lau ya fito a matsayin Dee. Ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya ɗauki gwarzon mutane ya ba da labarinsa, masu shi su saurara su ce ya iya.

Mai son shiga wannan jeri ya fara da The Chinese Gold Murders na 1959, inda Dee yake matashi, aka tura shi gundumarsa ta farko a bakin teku don ya gaji alƙalin da aka kashe da guba. Ya karanta a hankali, ya riƙa komawa jerin sunaye da taswira, kuma kada ya tsallake bayanin da ke ƙarshen littafi, domin a can ne marubucin yake nuna yadda ya yi aikinsa.