Kwarjinin Na'ura da Sakamakon Ɗalibi: Sharhi a kan Littafin Morgan Ames

A shekarar 2005 ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya fito da shirin nan na One Laptop per Child, wato a mallaka wa kowane yaro na ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfuta a kan dala 100. Tunanin ya samo asali ne daga ra'ayin Seymour Papert, cewa yaro kan koyi abu da kansa muddin an sa masa kayan aiki a hannu. Littafin Morgan Ames, The Charisma Machine, wanda ya fito a 2019, ya bi diddigin yadda wannan alkawari ya kaya a garin Caacupé na ƙasar Paraguwai, inda marubuciyar ta shafe watanni a 2010 tana zama cikin azuzuwa.

Ginshiƙin littafin shi ne kalmar kwarjini. A ganin Ames, abin da ya ja hankalin gwamnatoci da masu ba da tallafi shi ne kwarjinin na'urar, tun kafin a ga aikinta. Ta nuna cewa waɗanda suka ƙera ta sun ɗauki ƙuruciyarsu ce suka mai da ita ma'auni: yaro namiji, mai son kwance inji da ɗaurawa, wanda makaranta ta gundura. Irin wannan yaro kuwa ƙalilan ne a Caacupé. Mafi yawan yaran ba su damu da na'urar ba, wasu kuma kiɗa da wasanni da fina-finai suka mai da hankali a kai, ga kuma yawan lalacewa da wahalar gyara. 'Yan kaɗan da suka ƙware, galibi akwai wani babba a gida ko a makaranta da ke tsaye a kansu. Wannan sashe shi ne mafi armashi, domin ya raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato shagaltuwar yaro da allon na'ura da kuma himmarsa ga darasi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san ba ɗaya suke ba.

Alƙaluma daga wani wuri sun mara mata baya. A Peru, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 ya duba makarantun karkara 319 bayan wata 15 da raba kwamfutocin, bai kuwa sami wani ci gaba a lissafi ko harshe ba, sai ɗan ƙari a gwajin kaifin tunani.

Sai dai littafin yana da rauni. Da yake an gina shi a kan shiri guda wanda tun farko ya raina matsayin malami, mai karatu zai iya fita da zaton cewa haka kowace na'urar koyarwa take. Ba haka ba ne. A shekarar da littafin ya fito, Muralidharan da Singh da Ganimian sun wallafa nazarinsu kan manhajar Mindspark a birnin Delhi na Indiya, inda aka zaɓi ɗalibai ta hanyar ƙuri'a daga cikin 619. Cikin wata huɗu da rabi waɗanda suka samu gurbi sun zarce takwarorinsu sosai a lissafi da harshen Hindi. Manhajar kan fara gano ainihin matakin da yaro yake, wanda sau da yawa ya gaza na ajinsa da shekaru, sa'an nan ta riƙa ba shi tambayoyi daidai da ƙarfinsa, tana gyara masa kuskure nan take. Rabin lokacin zaman kuma, minti 45 cikin 90, tare da malami ake yin sa. Ma'aunin kwarjini ya bayyana dalilin da ya sa aka sayi kwamfutar Negroponte, amma bai isa ya bayyana abin da ya faru a Delhi ba, inda manhajar ba ta da wani kwarjini sai tarin tambayoyi da aka jera bisa matakai.