Kujera Goma da Gwani Guda: Tarken Fim ɗin Jiro Dreams of Sushi

Fim, ko da na gaskiya ne ba ƙagagge ba, yana da jigo da salo da taurari, kuma akwai abin da mai shi ya zaɓa ya nuna da wanda ya zaɓa ya rufe. Saboda haka ya cancanci a ɗora shi bisa faifan nazari kamar kowane littafi. Wannan maƙala za ta dubi fim ɗin da wani Ba'amurke mai suna David Gelb ya fitar a 2011, wato Jiro Dreams of Sushi. Za a dube shi ne da idon mutumin Auna ta ƙasar Kwantagora, wanda ya tashi kusa da tafkin Kainji, ya kuma san kifi tun daga koma har zuwa kasko, domin irin wannan ido yana hango abin da masu yabon fim ɗin suka tsallake.

Ga wanda bai san sushi ba, dunƙulen shinkafa ne da bai wuce loma guda ba, wadda aka gauraya da ruwan tsami da gishiri, sannan a shimfiɗa mata yankin kifi, galibi ɗanye. Jin an ce ɗanye, Bahaushe zai yamutsa fuska, kuma yana da hujja, don kifin ruwan daɗi irin su tarwaɗa da karfasa yakan ɗauki tsutsa, sai da wuta. Mutanen Japan da kifin teku suka fi yin nasu. Amma asalin abin bai yi nisa da mu ba. Dabara ce ta adana kifi: a cusa shi cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa har tsawon watanni, ya yi tsami ya ƙi ruɓa, kamar yadda har yau ake yi a gefen tafkin Biwa. Matsalar da banda ta warware wa Sarkawa ita ce wannan ta warware musu. Sushin da aka sani yanzu kuwa a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, ya bayyana wajen shekarun 1820, kuma ana danganta shi ga wani mai suna Hanaya Yohei. Abincin bakin titi ne, ma'aikaci ya tsaya ya jefa loma biyu uku ya wuce. Mai karatu ya riƙe wannan, za a dawo kansa.

Tauraron fim ɗin shi ne Jiro Ono, wanda aka haifa a 1925, yana da shekara 85 lokacin da aka ɗauke shi. Shagonsa, Sukiyabashi Jiro, yana ƙarƙashin wani gini ne daura da tashar jirgin ƙasa a unguwar Ginza. Kujerunsa goma ne kacal, ko makewayi babu a ciki, amma littafin Michelin, mai auna darajar gidajen abinci, ya ba shi taurari uku, matsayin da babu na sama da shi.

Inda fim ɗin ya yi zarra shi ne wajen warwarar jigon koyon sana'a. Gelb bai yi gaggawa ba. Ya bar kyamara ta zauna a kan hannu: hannun da ke fifita ganyen teku bisa garwashi, da hannun yaron da ke murza wata dabbar teku mai hannuwa takwas har minti 40 ko 50 don namanta ya yi laushi. Sabon almajiri da matse tawul mai zafi yake farawa, ba ya taɓa wuƙa, kuma sai ya yi kusan shekara goma kafin a bar shi ya toya wainar ƙwai. Ɗaya daga cikinsu, Daisuke Nakazawa, ya ba da labarin yadda ya toya fiye da 200 maigida yana watsar da su, ranar da aka karɓi guda kuwa sai da ya yi kuka. Duk wanda ya taɓa zugar zugazugi a maƙera, ko ya yi shekaru yana kwashe ruwa a kwalekwalen ubansa kafin a miƙa masa birgi, zai gane wannan kuka ba tare da tafinta ba. A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta da hoto, ba da surutu ba.

Haka nan ya kyauta wajen zana Yoshikazu, babban ɗan Jiro, mutum ɗan shekara 50 da ke jiran gadon da bai san ranar zuwansa ba. Shi ke hawan keke zuwa kasuwar kifi ta Tsukiji tun bayan da ciwon zuciya ya hana uban zuwa. Ƙanensa Takashi ya fita ya buɗe nasa shago a Roppongi, shi kuwa ya zauna a inuwar da ba ta gushewa. Sai can wajen ƙarshe mai sharhin abinci Masuhiro Yamamoto ya bayyana cewa lokacin da masu binciken Michelin suka zo, Yoshikazu ne ya dunƙula musu abin da suka ci. Wannan magana ita ce mafi nauyi a fim ɗin baki ɗaya, don ta girgiza ginin da aka yi sama da awa guda ana ɗorawa. Abin mamaki, Gelb ya ajiye ta ya wuce kamar bai san abin da ya tono ba.

Daga nan ne rauninsa ke bayyana. Ya shiga shagon da niyyar yabo, kuma maroƙi ba ya tambayar ubangidansa abin da zai ɓata masa rai. Jiro da bakinsa ya ce 'ya'yansa suna ƙanana sun taɓa ganinsa kwance a gida suka ɗauka baƙo ne. An bar wannan ta wuce a matsayin raha. Matar da ta riƙe gidan duk tsawon shekarun nan ba a ji muryarta ba ko sau ɗaya. Kiɗan Turawa na su Philip Glass da aka lulluɓe hotunan da shi ya mai da ɗakin girki tamkar wurin ibada, ya kuma hana mai kallo ya yi tambaya.

Babban giɓin dai shi ne mai ci. Fim ɗin yana jan hankali da ƙanƙantar shagon, har mai kallo ya ɗauka irin shagon unguwa ne. Alhali kuwa a lokacin da aka ɗauki fim ɗin sai ka nemi kujera tun wata guda kafin ranar, kuɗin zama ɗaya ya fara daga yen 30,000, babu abin da za ka zaɓa, loma wajen 20 za a jero maka ɗaya bayan ɗaya, maigida yana tsaye a kanka, cikin rabin awa ko ƙasa da haka ka tashi. Yamamoto, wanda ya saba zuwa, ya ce har yanzu gabansa na faɗuwa in ya zauna. Gaskiya ne Jiro yana lura da baƙonsa: in bahago ne sai ya ajiye masa ta hagu. To amma lura daban, hira daban. A kwatanta da mai suyar kifi a kasuwar Auna. Mai saye zai juya giwan ruwa ya duba, ya ce na jiya ya fi, ya taya, a ce albarka, ya nemi gyara, wani lokaci ma ya ci bashi sai kasuwa mai zuwa. Ita ma mai suyar ta san wanda ba ya son yaji da wanda aka yi wa haihuwa. Wannan cuɗanya ita ke mai da wurin cin abinci na unguwa, kuma da irinta sushi ya fara a titunan Edo. Fim ɗin bai ce uffan ba game da yadda abincin leburori ya zama abin da Barack Obama da Shinzo Abe suka zauna ci a wannan shago a 2014.

Masunci ma bai sami shiga ba. An nuna dillalan Tsukiji, kasuwar da aka tashe ta zuwa Toyosu a 2018, ana gwanjon manyan kifayen tuna, Yoshikazu kuma ya koka cewa kifin yana ƙarewa saboda kamun wuce kima. Sai dai ba a nuna ko jirgin su guda ba. Mutumin gefen Kainji ya san wannan batu ba a bakin kanta ake yanke shi ba. Tun da aka kammala madatsar a 1968 tafkin ya tara masunta daga nesa, kuma a shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya yi ta fama da masu jan dala, komar da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Wanda aka ce ya ajiye komarsa yana da iyali, yana da bashin mai jirgi a wuyansa. Koke daga bakin mai sayen kifi mafi tsada a kasuwa, ba tare da an ji ta bakin mai kamawa ba, rabin zance ne.

Shekara takwas bayan fitar fim ɗin, a ƙarshen 2019, Michelin ya cire Sukiyabashi Jiro daga littafinsa. Ba wai ɗanɗano ne ya ragu ba. Dalilin da aka bayar shi ne shagon ya daina karɓar kowa da kowa, sai tsohon mai zuwa, ko wanda ya san wani, ko wanda babban otal ya nema wa kujera.