Wa Ke Magana? Kwatanta Faifan Nas Guda Biyu

Tambayar da masu nazarin waƙa suka saba yi ita ce: wa ke magana a cikin waƙar, mawaƙin ne da kansa ko wani tauraro da ya ƙaga? Da wannan ma'auni za a duba faifai biyu na farko na Nasir Jones, wanda aka fi sani da Nas, mawaƙin hip-hop, wato gambarar zamani, ɗan birnin New York a Amurka. Su ne Illmatic na 1994 da It Was Written na 1996.

Illmatic gajere ne, bai wuce minti 40 ba, kuma Nas na da shekara 20 lokacin da ya fito. Jigonsa guda ne: rayuwar matasa a Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati inda mawaƙin ya tashi. Mai magana a nan ganau ne. Ba ya yabon kansa da abin da bai mallaka ba, abin da idonsa ya gani yake zayyanawa. A waƙar "One Love" an yi amfani da salon wasiƙa, inda yake rubuta wa abokansa da ke kurkuku labarin unguwa. Ta fuskar tsari, yana cusa amsa-amo a tsakiyar ɗango, ba a ƙarshe kaɗai ba, har tunani ɗaya ya tsallaka ɗango biyu ko uku kafin ya dire. Masu haɗa kiɗa irin su DJ Premier da Pete Rock da Q-Tip sun gina kiɗan da guntayen tsofaffin faifan jaz, mahaifinsa Olu Dara kuma ya busa ƙaho a ƙarshen wata waƙa. Manazarta sun yaba, kasuwa ta yi nawa: sai a 2001 faifan ya cika kwafi miliyan ɗaya.

Wannan nawa ce ta haifi faifai na biyu. An miƙa mafi yawan kiɗa ga Trackmasters, aka tausasa shi, aka kawo Lauryn Hill ta yi amshi a "If I Ruled the World". Faifan ya shiga jerin Billboard a matsayi na ɗaya. Sai dai mai magana ya sauya. Nas ya ari sunan Escobar, fitaccen dillalin hodar iblis na Kolombiya, ya shiga kirarin dukiya da daba. A irin waɗannan wurare muryar ta raunana, domin rigar aro ce, kuma mawaƙa da dama sun riga shi sa ta.

Amma hukuncin da aka saba yankewa, cewa ya sayar da fasaharsa, ya yi tsauri. Barin matsayin ganau shi ne ya buɗe masa ƙofar ƙirƙira. A "I Gave You Power", wadda DJ Premier ya haɗa wa kiɗa, an yi amfani da mutuntarwa daga farko har ƙarshe: bindiga ce ke ba da labarinta. Ta gaji da kisa, ta ƙi tashi a ranar da mai ita ya fi bukatarta, aka kashe shi. Murnar samun ƴanci ba ta daɗe ba, wani hannu ya sake ɗaukar ta. Babu waƙa a Illmatic da ta kai nan wajen ƙaga tauraro da riƙe shi har ya dire.